Motar da Aka Ce Nenne Ta Riƙe

Kun girma kuna jin 'ya'yan Baffanku Alhaji Bala suna cewa ni na lalata wa ubansu mota, shi ya sa ya kore ni. Wasunku kuma kun ji abin da ya fi wannan muni game da kakarku, an faɗa muku shi da gefen baki a gidan biki ko a bakin rijiya. Shekara da shekaru na yi shiru don uwarku ta roƙe ni in yi shiru. Yanzu gemuna ya yi fari fat, kuma wallahi ba zan shiga kabari da wannan magana a cikina ba. Wanda zai ji haushi ya ji, ni ma da haushin nake kwana.

A zamanin soja ne, shekarun da kaya suka yi tsada har sabuwar mota ta gagari talaka, yayana Bala ya je Kano ya sayo wata tsohuwar bas mai inji a baya, ya damƙa mini makulli. Ubanmu ɗaya da shi, kuma shi ne babba, don haka ban taɓa ɗaga masa murya ba. Nake jigila tsakanin Karaye da Rogo, hanyar a lokacin ramuka ce da yashi. Mu direbobin tsofaffin motoci muna da wata ɗabi'a, ba ka kashe mota a hanya. Fasinja zai sauka, ka taka birki, inji na ruri, ya ɗauki kayansa ka wuce. Sai a tasha ake kashewa, kuma a can kafin layi ya zo kanka a gama lodi, injin ya huce har ka iya ɗora hannu a kai.

Wuri ɗaya tak nake karya wannan ɗabi'a. A tsakiyar hanya, kusa da wani busasshen rafi, akwai wata tsamiya a bakin mararraba, a gindinta kakarku take sayar da fura da nono. Ba zan kama sunanta ba, surukata ce, ku dai kun san ta da Nenne. Bafulatana ce siririya, mijinta ya rasu, shanun da ya bari ba su taka kara sun karya ba, da ƙwaryar nan take ci take sutura. To ku gaya mini, wane ɗan mutunci ne zai gaida surukarsa daga kan sitiyari, inji na tofa mata hayaƙi a cikin nono? Ina isa sai in kashe mota, in sauka, in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa. Ita kuma ta ja mayafi ta kau da kai gefe, ta amsa can ƙasa-ƙasa.

"Jam, Malam. Ya hanya? Ya mai jiki biyun?"

Uwarku Adama ke nan take nufi, lokacin tana da cikinki, Hauwa. Ni ko furarta ban taɓa sha a gabanta ba saboda kunya. Amma fasinja suna sha, kuma ba na ɓoye muku, ina jin daɗin in ga na kawo mata ciniki.

Da bazara ta kama sai motar ta tsiro da wani hali. In na gama gaisuwa na dawo na murza makulli, sai ka ji ƙas, shi ke nan. Fitila na kamawa, hon na yi, amma kik, wato abin da yake murza inji ya tashi, ko motsi. Ga yashi a gindin tsamiyar, turi ba ya yiwuwa, yawancin fasinjan ma mata ne da tsofaffi. Sai mu zauna. Mai zaman jira kuma a rana, ga ƙwaryar fura a gabansa, me zai yi? Wannan ta ce a dama mata, wancan ya ce a ƙara masa. Kafin ƙwarya ta ƙare injin ya ɗan huce, in na sake murzawa sai ta tashi kamar ba ita ba. Ran nan wani ɗan koli mai surutu ya lashe ludayi ya ce:

"Haba Nenne, a sake mu haka nan mana, ai furar ta ƙare!"

Aka fashe da dariya, ita ma ta rufe baki da mayafi tana dariya, ni ma na yi. Ina komawa mota na murza, ta tashi. Aka ƙara ƙyalƙyalewa. Wallahi da na san inda dariyar nan za ta kai mu, da na cusa masa ludayin a maƙogwaro.

Magana ta shiga tasha. 'Yan kamasho, waɗanda ba su da aikin yi sai zama a benci da cin naman mutane, suka ɗauka. Da farko cewa ake yi tsohuwar tana da sa'ar ciniki. Sai aka koma cewa tsamiya ai ba a banza take ba, kowa ya san masu zama a cikinta. Kafin damina ta faɗi an daina dariya, an soma faɗin kalmar nan da ba na son rubutawa, amma dole in rubuta don ku san girman abin. Mayya suka ce. Kuma kun san yadda mutanenmu suka ɗauki maita, cewa suke yi a nono ake sha. In aka liƙa wa Nenne, an liƙa wa Adama, an liƙa wa abin da ke cikin Adama tun bai ga hasken duniya ba. Mata suka fara janye 'ya'yansu in uwarku ta shigo gidan suna.

Na je na sami Yaya a zaure. Ya riga ya sayi sabon batir bai yi magani ba, ya sa an yi rubutu an yayyafa wa motar har taya, an rataya mini laya a madubi. Na ce masa ciwon nan a jikin mota yake, zafi ne ba ta so.

"To don me ba ta yi a Rogo, ba ta yi a Karaye, sai a gaban tsohuwar nan?"

"Yaya, ai a tasha tana hutawa. Nan ne kaɗai nake kashe ta da zafinta."

"Kai dai Garba an gama da kai. Daga yau kada ka ƙara tsayawa a wurin."

Dama kafin nan na gwada barin inji a kunne in sauka in gaishe ta a gurguje, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka ce kun gani, shi ma ya gane, tsoron kashewa yake yi. Da Yaya ya hana ni tsayawa na riƙa wucewa kaina a sunkuye, sai aka ce ga shi nan, sirikinta ma gudunta yake yi. Duk inda na juya, an riga an shirya mini fassara. Mutanen banza! Ba gaskiya suke nema ba, abin taunawa suke nema.

Sai ranar da matar Yaya, Hajiya Ladi, ta shiga motar za ta suna Rogo. Mota cike, ga buhuna a sama, rana ta take. Muna shiga yashin rafin nan na rage gudu, injin ya sarƙe ya mutu da kansa, daidai gaban tsamiya. Na murza, ƙas. Nenne, baiwar Allah, da ta hango matar yayan sirikinta ce a ciki, sai ta taso da tabarmarta da goran ruwa, ta ce Hajiya ta sauko inuwa kada rana ta yi mata illa. Hajiya ta ƙi sauka, ta zauna cikin ƙarfen nan tana ta gumi, har dai ƙishi ya ci ƙarfinta ta karɓi goran ta kurɓa. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ita, irin mai zafin nan da yake sa mutum sambatu. A cikin sambatun aka ce ta ce, "tsohuwar nan, tsohuwar nan." Yo mutumin da ya wuni yana kallon tsohuwa cikin tsoro, wa zai kira in kansa ya juye, ni?

Ni ban san an kai nan ba. Abin da na sani Hajiya ba ta da lafiya, kuma na rantse ba zan sake bin hanyar nan da motar a haka ba. Na yi lodin Kano da sassafe, na sauke fasinja, na nemi wani dattijo mai gyaran wayarin mota da direbobi suke yabo, Malam Iro. Na ba shi labari, amma ban ce masa komai game da tsamiya ba. Ya ce in zaga da ita sai ta yi zafi sosai in dawo in kashe. Na yi, na murza, ƙas. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da sukundireba, ya haɗa kan kik da wayar batir kai tsaye, sai ga inji ya murza da ƙarfinsa. Ya fito yana kaɗe riga.

"Kik ɗinka lafiyarsa ƙalau, batir ma haka. Wutar ce take isowa a gajiye. Batir na baya, makulli na gaba, kik na baya. Sai wuta ta tafi gaba ta dawo cikin tsohuwar waya duk tsatsa. Da sanyi tana iya lallaɓawa, da zafi ba ta iya ture kan kik. Rile za mu sa."

Ya ɗauko wani ɗan abu baƙi kamar akwatin ashana, ya ɗaure shi kusa da batir, ya ja gajeriyar waya mai kauri daga batir ta bi ta cikinsa zuwa kik. Tsohuwar wayar makulli kuma ya cire ta daga kik ya maƙala a jikin rilen. Ya ce yanzu makulli ba ɗaukar kaya zai yi ba, taɓa rile kawai zai yi, rile ya buɗe wa sabuwar wuta hanya. Ya kuma nuna mini yadda zan mayar da wayar mazauninta na da, ko da rilen zai ƙone a daji. Muka gwada da zafi, muka sake gwadawa, murzawa ɗaya take tashi. Na kwana a Kano raina fari tas, ina ta ƙissima yadda zan kashe mota a gaban Nenne in tayar a idon kowa.

Washegari na iso tashar Karaye na ga ana kallona ana kau da kai, ban kawo komai a raina ba. Na yi lodi na kama hanyar Rogo. Ina isa tsamiya na kashe mota da gadara, na sauka, na cire takalmi. Ba kowa. Sai fasassun ƙore a warwatse, nono ya bushe a kan yashi ƙuda na bi, ga faifanta an taka shi. Wata tsohuwa a cikin fasinja ta leƙo ta taga ta ce:

"Ɗan nan, ashe ba a gaya maka ba? Jiya samari suka zo suka tafi da ita gidan yayanka. An sa ta tsallake Hajiya."

Ban san lokacin da na koma mota ba, so nake in juya gida. Na murza makulli, injin da ke tafasa ya tashi nan take. Sai na ji motar ta ɗauki kabbara.

"Allahu akbar! Kun gani ko? Tana barin wurin mota ta warke!"

Kai! Kai! Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba. Gyaran da na tafi nema don in wanke ta, shi ya zama shaidar da aka rataye ta da ita. Na buɗe baki ina cewa rile ne, rile aka sa a Kano, ba wanda ya saurare ni, murna suke yi.

A gida uwarku ta ba ni sauran labarin tana kuka har muryarta ta dishe. An tasa Nenne a gaba yara na bin ta da ihu. Aka shigar da ita ɗakin Hajiya, mata cike da tsakar gida, aka ce ta tsallake ta ta sakar mata kurwa. Ba ta yi musu ba, ba ta yi rantsuwa ba, ba ta zubar da hawaye ba, irin tasu ta Fulani. Ta tattare zane ta tsallake, ta fita. Ko gidan 'yarta ba ta biya ba, ta haɗa 'yan shanunta ta tafi rugar ƙaninta can bayan Rogo, wajen iyakar ƙasar Zazzau. Hajiya kuwa a ranar aka kira malamin asibiti ya soma yi mata allura, ta warke. Allurar ba wanda ya tuna da ita, tsallakawar aka riƙe.

Uwarku ta ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma sai na yi nawa. Na jira ranar kasuwar Rogo, ranar da Yaya da dattawan unguwarmu suke shiga motar da kayan sayarwarsu. Muna isa tsamiya na tsaya na kashe. Na zaga baya na buɗe, na zare wayar daga rile na mayar da ita kan kik yadda take a da. Na zo na miƙa wa Yaya makulli a gaban kowa.

"Yaya, tsohuwar ba ta nan. Bismillah, tayar mana."

Ya harare ni, ya shiga ya murza. Ƙas. Ya sake, ƙas. Na ce kowa ya sauko ya zo baya ya gani da idonsa. Na mayar da wayar kan rile suna kallo, na ce ya murza, ta tashi. Na ce ya kashe. Na sake zarewa, ya murza, ƙas. Idona ya rufe, na manta da girman kowa, na ce:

"To ga mayyar taku nan, waya ce mai tsatsa! Ita za ku kai ta tsallake Hajiya! Kun fasa wa marainiyar Allah ƙwarya, kun tozarta ta a gaban yara, ku da furfurarku. Wallahi motar nan ba za ta tashi ba sai ɗayanku ya buɗe baki ya ce an zalunce ta."

Kuna tsammanin sun ji kunya? Wani ya ce ai ta bar abinta ne a jikin tsamiyar. Wani ya ce a'a, koya wa yaron ta yi, ba ga shi yana riƙewa yana saki yadda ya ga dama ba? Na zauna a kan saiwa na naɗe hannu. Rana ta yi sama, kasuwa na ci ba su, masu albasa suna zagi, masu kaji suna yi musu fifita. Wannan zaman shi ne lalata motar da 'ya'yan Baffanku suke faɗa. Ko ƙusa ɗaya ban karya ba.

Can sai Yaya ya kama hannuna ya ja ni bayan tsamiya, inda ba mai ji. Na ɗauka marina zai yi, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sassauta murya ya ce:

"Garba, na gani. Ni ba yaro ba ne, na san ba ita ba ce. Amma so kake in tsaya a gaban jama'a in ce matata sambatu ta yi, ni kuma na sa an wulaƙanta tsohuwa a banza? Da wane ido zan shiga masallaci? Abin ya riga ya wuce. Mayar da wayar mu tafi, za a manta."

Wannan ku riƙe shi da kyau. Sauran jahilci ya ɗebe su, wataƙila Allah ya yi musu uzuri. Shi ya sani. Ya auna fuskarsa da sunan kakarku da na uwarku da naku, ya zaɓi fuskarsa. Na juya na koma bayan motar. Na mayar da wayar saboda matan da ke cikin motar ba su yi mini komai ba, na kai su Rogo, na ajiye masa makulli a kan kujera, na dawo Karaye a bayan wata motar. Ba korata ya yi ba, ni na tafi. Na koma gona da ɗan facin taya a bakin hanya, muka sha wuya ba kaɗan ba. Shi kuwa ya ɗauki wani direba, motar ta yi ta tashi da rilen nan shekaru, kuma kullum ta tashi ana cewa tun da aka kori tsohuwar ba ta sake yi ba. Yana ji, bai taɓa cewa a'a ba. Mun gaisa a jana'iza, mun gaisa a idi, amma ban sake cin abinci a gidansa ba har ya rasu.

Da aka haife ki, Hauwa, Nenne ba ta zo suna ba. Bayan uwarki ta yi arba'in muka ɗauke ki muka tafi rugar, mota ta sauke mu a hanya muka ƙarasa a ƙafa. Muka same ta a ƙofar bukka tana saƙar faifai, ta rame ta yi baƙi. Na cire takalmi na durƙusa, na gaya mata duk abin da na yi a gindin tsamiya, da abin da Yaya ya faɗa da bakinsa. Ina so ta san ko mutum ɗaya ya san gaskiya. Ta saurara kanta a gefe, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Sai uwarki ta kwance ki daga baya, ta miƙa mata ke tana murmushi, ta ce ga kishiyarki nan ta zo ƙwace miki gida. Na ga fuskar tsohuwar nan ta buɗe, ta miƙo hannu biyu har yatsunta sun kusa taɓa zanen goyon. Sai ta tsaya. Ta janye hannuwan a hankali ta mayar da su bayanta, ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"Kada ki ba ni ita, Adama. Jariri ba ya rasa zazzaɓi. In ta yi gobe, me za a ce?"

Uwarki ta ce ba wanda zai ce komai, nan daji ne, mu kaɗai ne. Ta roƙa, ta yi kuka, ni ma na ajiye kunya na sa baki. Nenne ta ce a dai matso da ke ta gani. Aka matso da ke, ta sunkuya ta daɗe tana kallon fuskarki, tana yi miki wasa da Fulatanci, hannuwanta na baya. Haka ta yi da ke, haka ta yi da duk ƙannenki da ta riska, har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗaukar ko ɗayanku ba.